Yadda Ake Shan Omeprazole Don Olsa da Ƙwannafi, da Yadda Ake Ajiye Shi

Akwai wani dattijo mai sayar da dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada da yakan biyo ta famasin da nake aiki. Ba ya ma faɗin sunan magani, sai ya ɗora kuɗi a kan kanta ya ce, "Ɗana, ba ni na kullum." Na kullum ɗin nan omeprazole ne. Wata rana da babu layi na tsaya na tambaye shi, "Baba, wai yaushe kake shan sa?" Ya ce, "In ya taso mini mana. Da na ci tuwo na ji ƙirji ya ɗauki wuta sai in jefa ɗaya, in bai lafa ba in ƙara." Na ce tun yaushe? Ya ƙirga da yatsu ya ce damina uku ke nan. Da na ƙara tonawa sai ga sauran labarin: kullum da yamma, bayan ya wuni yana jan buhu cikin sanyin Jos, yakan sa a haɗa masa na ciwon jiki a kemis ɗin unguwa. Tufka da warwara ke nan, shekara uku cur.

Irin Baba ba su ƙirguwa a garin nan, daga Bukuru har Anguwar Rogo. Maganin ba shi da laifi. Tun da kamfanin Astra na ƙasar Suwidin ya fito da shi a 1988 da sunan Losec, ya raba mutane da yawa da wuƙar tiyata, yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sai dai magani ne mai ƙa'idar lokaci: akwai lokacin sha a yini, akwai kuma ranar ajiyewa. Yawancin masu ce mini "ba ya yi mini aiki" ɗaya daga cikin biyun nan suka kuskure. Sunayen magunguna zan rubuta su yadda suke a jikin kwali, don ka gane su in ka gani.

Mataki na farko: ka tabbata ciwon na asid ne

A wurinmu duk abin da ya taɓa ciki olsa ne. Mai tsutsar ciki olsa, mai tsakuwa a maɗaciya olsa, har mai damuwar bashi olsa. Omeprazole kuwa aikinsa guda ne, rage asid ɗin da tumbi ke fitarwa. Don haka yana amfani ga ƙwannafi, wato zafin da ke tasowa daga saman ciki zuwa ƙirji har wani ruwa mai tsami ya iso baki. Yana amfani ga gyambon ciki na gaske, na tumbi ko na bakin ƙaramin hanji. Ana kuma ba da shi don kare cikin wanda dole sai ya sha magunguna masu cin ciki.

Akwai alamun da in ka gan su, ba famasi za ka nufa ba. Bahaya baƙi ƙirin mai yauƙi kamar kwalta. Aman jini, ko amai mai duhu kamar an dama garin kofi. Abinci ya riƙa tsaya maka a ƙirji in ka haɗiya. Rama ba dalili, amai ba ƙaƙƙautawa, ko tafin hannu da cikin ido su yi fari kana haki in ka hau tudu. Haka wanda ya haura shekara 50 bai taɓa irin wannan ciwo ba sai yanzu. Waɗannan sai likita ya duba, wani lokaci har da endoskofi, gwajin nan da ake zura siririn bututu mai kyamara ta baki a leƙa tumbi. Dalili shi ne omeprazole na iya kwantar da zafin sankarar ciki na wasu watanni, mutum ya ɗauka ya warke alhali cuta na cin sa a ɓoye.

Biyu kuma ba sa jiran wayewar gari. In ciki ya murɗa farat ɗaya ya yi tauri kamar katako, mai yiwuwa gyambo ne ya huda. In kuma "ƙwannafin" ya zo da nauyi a ƙirji kamar an ɗora dutse, yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi na tsattsafowa a cikin wannan sanyin namu, zuciya ce ake tsoro. A nemi mota a daren a tafi asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, ko Plateau Specialist, ko Jankwano, duk wanda ya fi kusa.

Mataki na biyu: sayen sa

Kafso ne yawanci, mai miligiram 10, 20 ko 40, na 20 ɗin ya fi yawa a kasuwa. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ka kuma duba katin bai huje ba. Wannan magani ba ya shiri da danshi da zafi, saboda haka wanda aka shanya a faranti a tasha rana na dukan sa, bar wa mai shi. A gida ma kada ka ɓare shi ka zuba a leda ko aljihun gaba. Kowace ƙwaya ta zauna a gidanta sai lokacin shan ta.

Karanta kwalin da kyau. Wasu ana haɗa su da domperidone, maganin tashin zuciya, shi kuwa ba na doguwar sha ba ne, musamman ga dattawa da masu ciwon zuciya. Sannan omeprazole na da 'yan uwa: esomeprazole, pantoprazole, rabeprazole, lansoprazole. Gida ɗaya suke, aiki ɗaya suke yi. Na sha ganin mutum da leda biyu daga wurare biyu, yana shan omeprazole da rabeprazole tare yana ganin magani biyu yake sha. Ɗaya ya isa. In kuma akwai tsohon ranitidine a durowa, zubar da shi. Tun 2020 aka janye shi daga kasuwanni a ƙasashe da dama saboda wani sinadari da aka samu a cikinsa mai iya jawo sankara.

Mataki na uku: lokacin sha

Nan ne gizo ke saƙa. A bangon tumbi akwai ɗimbin 'yan ƙananan famfuna masu tsarto asid. Ba kullum suke a buɗe ba. In ciki ya kwana ba komai, yawancinsu na hutawa, shigowar abinci ce ke tashin su. Shi kuma omeprazole ba a cikin tumbi yake narkewa ba. Yakan wuce hanji, ya narke a can, ya shiga jini, jini ya kawo shi wurin famfunan ya toshe su. Amma famfon da ya tarar yana aiki kawai yake iya toshewa, kuma ba ya daɗewa a jini, cikin 'yan awanni hanta ta share shi. To ka ga dabarar: ka sha, ka ba shi minti 30 zuwa awa 1 ya isa jini, sannan ka ci abinci, famfunan su farka su tarar da shi yana jiran su a bakin ƙofa. Wanda ya toshe ya toshu ke nan sai jiki ya ƙera sabo, shi ya sa ƙwaya ɗaya ke riƙe mutum yini da kwana duk da ta daɗe da barin jini.

A aikace abin mai sauƙi ne. Ka tashi da asuba, ka haɗiye shi da kofin ruwa kafin ka sa komai a ciki. Kafin ka idar da salla ko addu'ar safe, ka yi wanka, ka taka zuwa teburin mai shayi, rabin awar ta cika. Abin da ba a so shi ne ka sha da ƙarfe 6 sannan ka zauna har azahar ba ka ci komai ba. In kai ba mai karyawa da wuri ba ne, ko mai gadi ne kai ko nas mai aikin dare, ka daidaita shi da abincinka na farko, ko ƙarfe nawa ne. Wanda aka rubuta wa sau 2 a rana, na biyun kafin abincin dare ne, ba lokacin kwanciya ba.

Kada ka tauna, kada ka daka. Girgiza kafson kusa da kunne za ka ji 'yan ƙwayoyi na motsi kamar gero a ƙoƙo. Kowace ɗaya na da rigar da ke kare ta daga asid har ta isa hanji, in ka tauna ka yage rigar, asid ɗin ya lalata maganin. Tsohuwar da ba ta iya haɗiyar kafso, a buɗe a juye ƙwayoyin a cokalin yogot mai sanyi ta haɗiye nan take ba tauna, ta bi da ruwa. Ban da koko ko shayi mai zafi.

Sai haƙuri. Ba ya kashe zafi nan take irin na farasitamol da ciwon kai, yakan ɗauki kwana 1 zuwa 4 kafin ya kama sosai. In zafi ya taso a tsakani, maganin ruwan nan fari mai kamar alli, Mist Mag ko Gestid ko Gaviscon, shi ke aiki cikin mintuna, kuma ba laifi a haɗa su da omeprazole. Kanwa da wasu ke jiƙawa su sha tana kwantar da zafi na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma cike take da gishirin sodiyom, mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ƙoda ya yi nesa da ita. Madara ma haka, za ta sanyaya ƙirji yanzu, anjima ta sa tumbi ya ƙara tsarto asid.

In ka manta, ka sha da ka tuna, sai in lokacin na gaba ya kusa, to ka tsallake. Ba a ninkawa don ramuwa.

Mataki na huɗu: nawa, kuma har yaushe

Ga babban mutum mai ƙwannafi da ya saya da kansa: miligiram 20 sau 1 a rana, kwana 14, ya tsaya. In bai ji sauƙi ba, ko ciwon ya dawo da ya ajiye, lokacin ganin likita ya yi, ba lokacin sayen sabon kati ba. In likita ne ya tabbatar asid na hawowa yana ƙona hanyar abinci, yakan ba da 20 na sati 4 zuwa 8, wani lokaci ya ɗaga zuwa 40. Gyambon bakin hanji yawanci sati 4 ne, na tumbi ya fi taurin kai, yakan kai sati 8. Wanda ake kare cikinsa daga wani magani, 20 a rana muddin yana kan wancan maganin. Mai ciwon hanta mai tsanani ba ya wuce 20. Fiye da 40 a rana kuwa sai a wata cuta da ba a cika gani ba, ƙarƙashin kulawar ƙwararre.

Bari in ɗan ratse kan allura. Mutanenmu sun yi imani da ita, sai ka ji an ce, "Likita, a yi mini ta jijiya, ta fi ƙarfi." Allurar omeprazole ta wanda ke kwance ne yana zubar da jini ko ba ya iya haɗiya. In kana iya shan ruwa, kafso ya ishe ka, kuɗin allurar ka sayi abinci da su.

Mataki na biyar: nemo tushen ciwon

An daɗe ana cewa yunwa da yaji da tunani ke kawo olsa. Suna tsananta zafi, amma ba su ke haƙa gyambon ba. A 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta mai zama a tumbi, wadda ake kira Helicobacter pylori. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ruwan ƙwayar da kansa a 1984 ya kamu da kumburin tumbi, a 2005 kuma aka ba su kyautar Nobel. Yau an san ita da magungunan ciwon jiki su ne manyan masu jawo gyambon ciki. Najeriya na cikin ƙasashen da ta fi yawa a duniya, galibi tun yarinta ake ɗaukar ta ta ruwa da abinci da cunkoson gida, kodayake da yawa na ɗauke da ita ba ta taɓa damun su ba.

Omeprazole shi kaɗai ba ya kashe ta. Zai warkar da gyambon, ka ajiye, bayan wata shida ya dawo. Don haka mai ciwon da ke ta dawowa ya yi gwaji. Na bahaya ko na numfashi su ne ke nuna tana nan yanzu. Na jini yana iya nuna ta ko da an daɗe da kashe ta. Abin da ake yawan mantawa shi ne dole ka ajiye omeprazole sati 2 kafin gwajin, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma sati 4, in ba haka ba sakamako ya fito babu alhali akwai.

In an same ta, haɗin da aka fi rubutawa shi ne omeprazole 20, amoxicillin 1,000, da clarithromycin 500, kowanne safe da yamma, har kwana 14. Likita ne zai zaɓa, domin wanda jikinsa ba ya karɓar penicillin, wanda amoxicillin danginsa ne, sai an sauya masa, kuma ƙwayar ta fara jure wa wasu magungunan, har akan koma haɗi huɗu mai bismuth. Bakinka zai yi ɗaci kamar ka tsotsi ƙarfe, ciki na iya ɗan tsinkewa, ka daure. In akwai metronidazole a haɗin, giya da burkutu sun haramta har kwana 2 bayan gamawa. Bismuth da maganin ƙarin jini kan baƙanta bahaya, kada ka tsorata, sai in ya zo da yauƙi da jiri. Haɗin na da tsada, na sani, amma sayen na kwana 5 a tsaya ya fi rashin farawa muni, don ka koya wa ƙwayar yadda za ta tsira ne kawai. Tara kuɗin tukuna. Sati 4 bayan gamawa a sake gwaji a tabbatar ta mutu.

Baba mai dankali haka muka yi da shi. Sati biyun da ya yi ba na kullum ya sha mita, ya ce, "Ɗana, so kake ka kashe ni da raina?" Gwaji ya nuna tana nan, likita ya rubuta masa haɗin, ya shanye yana tsine wa ɗacin. Abin da ya fi ba ni wahala ma raba shi da haɗin yamma ne.

Mataki na shida: me kake sha tare da shi?

Wannan haɗin da ake ƙulla wa 'yan dako da masu keke da masu haƙar kuza a leda, ka kwance ka gani: diclofenac, ibuprofen, piroxicam, wani lokaci biyu ko uku a ƙulli guda, a ɗora dexamethasone ko prednisolone a kai. Kowanne cikin ukun farko na rage majinar da ke kare bangon tumbi, haɗa su da na ƙarshen kuwa ya ninka haɗarin zubar jini. Garin Alabukun ma aspirin ne da kafeyin a ciki. Mai olsa in jiki na ciwo, farasitamol ne nasa. Amma wanda likitan zuciya ya ɗora a kan ƙaramin aspirin mai 75, kada ya ajiye da kansa. Ya koma ya faɗa, sau da yawa maganin rage asid ake haɗa masa da shi.

Mai shan clopidogrel bayan shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, omeprazole da esomeprazole na rage masa ƙarfi, akan sauya zuwa pantoprazole. Masu karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki su lura sosai: atazanavir da rilpivirine na buƙatar asid kafin su shiga jini, omeprazole na hana su aiki. Haɗin TLD, ƙwaya ɗaya mai magani uku da yawancin masu wannan cuta ke kai, ba ya faɗa da omeprazole, da farin maganin ruwan yake faɗa, don haka a sha TLD awa 2 kafin farin maganin ko awa 6 bayan sa. Wannan tazarar ita ce kuma tsakanin farin maganin da ciprofloxacin da ake ba masu taifot. Sauran da ya kamata a ambata wa likita ko mai famasi: warfarin, phenytoin na farfaɗiya, diazepam, digoxin, methotrexate, ketoconazole da itraconazole, sai rifampicin na tarin tibi da ke rage wa omeprazole ƙarfi. Hanya mafi sauƙi, ka zubo duk magungunanka a leda ka zo da su a duba.

Mataki na bakwai: illolin da za ka sa wa ido

Yawancin mutane na gama sati biyu ko huɗu ba su ji komai ba. Waɗanda aka fi gani su ne ciwon kai, gudawa ko taurin bahaya, tashin zuciya, kumburin ciki da yawan iska. Sukan lafa da kansu. Ko ka kuskure ka sha biyu a rana ɗaya, da wuya ya yi maka wani abu.

Waɗanda ke sa a tsaya nan take a nemi asibiti ba su da yawa, amma a san su: kumburin fuska ko leɓe da sarƙewar numfashi, ƙuraje masu saɓule fata, ido ya yi rawaya fitsari ya yi duhu, fitsari ya ragu ko ya zo da jini, gudawa mai ruwa da zazzaɓi da ta ƙi tsayawa, ko ƙuraje a inda rana ke duka tare da ciwon gaɓoɓi.

Damuwata ta fi ga masu shekara da shekaru a kansa. Allah bai halicci asid ɗin nan a banza ba. Shi ke ƙone ƙwayoyin cutar da ke biyo abinci da ruwa, saboda haka wanda ya daɗe yana danne shi ya fi saurin kamuwa da cututtukan gudawa, a garin da ruwan rijiya da abincin bakin titi ba sa ƙarewa. Shi ke taimakawa wajen tsotse bitamin B12 da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Bayan shekaru sai ka ji mutum na kukan ƙafa na masa kamar tafiyar kiyashi, ga kasala ga mantuwa, musamman mai ciwon suga da ke kan metformin, don shi ma yana rage B12. Magniziyom na jini kan sauka, wani tun bayan wata 3, yawanci bayan shekara, ya zo da ɗaurewar jijiya, rawar hannu da faɗuwar gaba, abin ya fi tsanani ga masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Ƙashi ma kan yi rauni a doguwar sha, mata da suka daina al'ada su suka fi shiga haɗarin karaya. Ba wai kowa zai gamu da su ba ne. Wanda ke da dalilin zama a kai, ya zauna, a riƙa duba jininsa ko sau ɗaya a shekara. Wanda ba shi da dalili, me ya kai shi?

Azumi, juna biyu da yara

A watan Ramadan ka tashi da wuri kaɗan, ka haɗiye shi, kafin a ɗumama tuwon sahur rabin awa ta yi. Mai sha sau 2, na biyun da buɗa-baki: ruwa da dabino, kafso, sallar magariba, sannan abinci. Abin da ke tayar da ƙwannafi a azumi sau da yawa ba yunwar ba ce, cika tumbi ne da ƙosai da soye-soye da kunun tsamiya da lemon kwalba a zama ɗaya, da komawa gado da an gama sahur. 'Yan uwa Kirista masu azumin Lent ko na farkon shekara su ma su sha minti 30 kafin buɗa-baki. Wanda gyambonsa ya yi jini kwanan nan ya tambayi likita kafin ya ɗauki azumi. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Mai juna biyu, ƙwannafi abokin tafiya ne a watannin ƙarshe. Ki fara da cin abinci kaɗan-kaɗan da farin maganin ruwa. In bai yi ba, ana ba da omeprazole ga mai ciki da mai shayarwa, amma ki faɗa a wurin awo. Zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama tare da ciwon kai, kumburin fuska da ganin dishi-dishi ba ƙwannafi ba ne, alamar hawan jinin ciki ne mai kai wa ga jijjiga, ki tafi asibiti a ranar. Yara kuwa da nauyi ake auna musu, likita ne mai aunawa. Tumbuɗin jariri mai ƙiba yana wasa ba ya buƙatar magani.

Mataki na ƙarshe: ajiye shi

Wanda ya sha na sati 2 zai iya tsayawa kai tsaye. Wanda ya wuce wata 2 kuwa, in ya tsaya farat ɗaya, tumbin da aka daɗe ana danne wa baki sai ya rama, asid ya ɓalle fiye da na da har na wasu makonni. Nan mutum zai ce, "Ka gani ko, ba na iya rayuwa sai da shi," ya koma. Ba ciwon ne ya dawo ba, ramuwar gayya ce, kuma tana wucewa. A sauka a hankali: mai 40 ya koma 20, mai 20 ya koma 10 ko ya riƙa tsallake rana ɗaya, na sati 2 zuwa 4, yana tare zafin da farin maganin ruwa.

A wannan tsakanin ne gyaran ɗabi'a ke nuna amfaninsa. A bar awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya. A ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo ko katako kamar taƙi guda. Mai katifa a ƙasa ya ninke bargo ya cusa ƙarƙashinta. Tara filo ba ya yi, lanƙwasa ciki yake yi ya ƙara matso asid. Kwanciya ta ɓarin hagu na rage hawowar sa. Na san ta dama ce sunna, ka fara da ita, in ƙirji ya dame ka ka juya. Taba da giya a bar su. Goro, kofi, shayi mai kauri da lemukan ƙarin kuzari a rage, mai tumbi ya rage tumbi, a sassauta bel da mazagi. Yaji da tumatir da mai, kowa ya lura da wanda ke tayar masa ya rage shi, ba sai an hana mutum komai ya koma shan koko tsura ba.

Akwai waɗanda ba a ajiye musu sai da izinin likita: wanda gyambonsa ya taɓa jini kuma har yanzu yana kan aspirin ko maganin ciwon gaɓoɓi, da wanda endoskofi ya nuna hanyar abincinsa ta ƙone sosai ko fatarta ta sauya. Su nasu na dindindin ne, abin da za su tambaya a kowace ganawa shi ne ko za a iya rage musu zuwa mafi ƙanƙantar awon da ke riƙe su.